Ya Tashi, Amma Bai Gama Dawowa Ba

Karatu: Markus 8:22-26

 Shugabanninku sun roƙe mu mu rubuta muku wani abu a kan haƙuri. Mun zauna za mu tsara muku darasi mai kai uku kamar yadda aka koya mana a makarantar tauhidi, sai muka ga gara mu ba ku labarin inda namu haƙurin ya gaza. Mun nemi izinin mai labarin da na matarsa, sun yarda, da sharaɗin kada a ambaci suna. Za mu kira shi Magatakarda, domin aikin da ya riƙe ke nan a zumuntar matasanmu har shekara bakwai.

Duk wanda ya san shi a wancan lokacin ya san mutum ne mai kai. Ya san ranar baftismar kowa, ya san wanda ya biya kuɗin wata da wanda ake bi. In gardama ta tashi a kan abin da aka yanke a taron bara, ba a buɗe littafi, shi ake tambaya. Da damina yana noma gero da dawa da gyaɗa a 'yar gonar da ya gada, irin gonakinmu na nan da kowace take manne da 'yar'uwarta. In aikin gona ya yi sauƙi sai ya hau babur yana acaɓa tsakanin ƙauyuka da bakin titin Gwarzo. Tun da aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birnin Kano a watan Janairun 2013, sana'ar ta koma irin wurarenmu, kuma da yawa daga cikinku da ita kuke ciyar da gida.

Shekara uku ke nan, a farkon damina, ya ɗauko buhun taki biyu zai kai gona. An yi yayyafi, titi yana santsi, akuya ta gifta, ya taka birki. Hular kwanonsa tana gida, rataye a ƙusa, domin ya ce tana sa shi zufa. Maƙwabtanmu Musulmi da ke aiki a gonar gefen titi su suka fara isa, suka tare mota, suka aiko yaro ya faɗa mana. A jikinsa ba abin da ake gani sai ƙujewa a kafaɗa da ɗan kumburi a goshi. Amma ko an kira sunansa ba ya amsawa.

A Asibitin Malam Aminu Kano aka ɗauki hoton kansa, aka ga jini ya taru, ƙwaƙwalwa kuma ta bugu ta gaba. A nan muka fara jin wani awo da likitoci suke yi wa wanda ya suma, wanda aka ƙirƙiro a birnin Gilasgo a 1974. Ana duba buɗe ido, da magana, da motsi, a ba da maki daga 3 zuwa 15. Daga 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Nasa 7 ne. Ya kwana tara bai san inda yake ba. Ikkilisiya ta yi azumi, zumuntar mata suka raba kwanakin jinya a tsakaninsu, ku matasa kuka yi masa noman farko a gayya. Ran kwana na goma ya buɗe ido. Bayan mako biyar aka sallame shi, ya fito daga mota da ƙafafunsa.

Kun tuna sujadar godiyar da muka yi. An yanka akuya, mata sun yi guɗa, mun yi wa'azi a kan Allah mai tashe matattu, kuma ba mu janye ko kalma ɗaya daga cikin wa'azin nan ba. Allah ne ya tashe shi. Sai dai akwai abin da muka tsallake. Ranar sallama likita ya zaunar da matarsa da yayansa, muna wurin, ya ce halinsa zai iya canzawa, zai riƙa mantuwa, a dawo da shi a duba. Kunnenmu ya ji an ce sallama, sai ya toshe. Mako biyu bayan godiya muka mai da masa littafin zumunta da jakar kuɗi, wai don mu nuna wa kowa ya warke.

Daga nan abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Zai tambaye ka lafiyar gida, ka amsa, kafin ka gyara zama ya sake tambaya. Yana cikin magana sai zaren ya tsinke, ya kama wani zancen daban. Fartanya da ya riƙe tun yana yaro sai ya tsaya yana cewa a miƙo masa abin nan, abin nan dai. A gona zai fara kunya ya bar ta a rabi, ya koma gindin bishiya ya yi barci da hantsi. An aike shi kasuwa ya dawo hannu biyu. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a waje ba ya zama mai yi wa 'ya'yansa tsawa saboda sun yi dariya. A gidan makoki ya ba da labarin ban dariya. Wata Lahadi kuma, wani dattijo yana tsakiyar addu'a, ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ta yi tsawo."

Kowa ya kawo nasa bayanin. Wasu suka ce lalaci ne, ya saba da a yi masa. Wasu suka ce girman kai, tun da an yi masa biki. Wasu suka rage murya suka ce akwai tsamiya kusa da inda ya faɗi, wasu suka ce sammu ne. Sau biyu aka yi masa addu'ar dare, lasifika a kunne, mutum goma suna magana a kansa lokaci guda har asuba. Kowane karo sai ya kwana uku a ɗaki da ciwon kai, ya fito ya fi dā rikicewa. Mun lura da wannan, muka yi shiru, domin muna tsoron a ce fasto ba shi da bangaskiya.

Sai maganar kuɗi ta zo. Naira dubu 46 ne na baikon girbi na matasa, da za a sayi kujeru. Da aka tambaye shi ya ce ya ba ma'aji. Kashegari ya ce yana wurin yayansa. Rana ta uku ya ce ba wanda ya taɓa ba shi kuɗi. Kowace amsa ya ba da ita ido cikin ido, ba ko ɗar. Dattawa suka zauna, muna shugabanta, aka ce amsa uku a kan tambaya ɗaya ƙarya ce. Aka yanke a sa shi ƙarƙashin horo: bencin baya, ba jibin Ubangiji, sai ya tuba ya biya. Da hannunmu muka rubuta sanarwar da za a karanta ranar Lahadi.

Daren Asabar matarsa ta yi sallama a ƙofar gidanmu, da goyo a baya. Ta durƙusa ta gaishe mu, ta ƙi hawa kujera. Ta ce, "Baba, mutumin da zai ci tuwo, a ɗauke kwano, ya ce ban ba shi abinci ba, shi ne zai tuna inda ya ajiye kuɗi? Mijina ba ɓarawo ba ne. Kun yi godiya kun watse, ni aka bari da shi. Wata biyar ke nan ban yi barcin kirki ba, ba wanda ya tambaye ni." Ba mu sami abin cewa ba. Mama ce ta tashi ta karɓi goyon, ta kawo mata ruwa.

A daren nan muka kira wata 'yar ikkilisiyarmu, nas ce a birni. Ta saurara har muka gama, sannan ta ce, "Baba, don Allah kada ku karanta takardar nan. Ku jira ni gobe."

Abin da ta bayyana wa dattawa bayan sujada shi ne muke so kowane matashi ya riƙe. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, kuma taushinta kamar na awara ne kafin a soya. Tana zaune cikin ƙoƙon kai da ɗan ruwa kewaye da ita. In kai yana tafe da gudu ya tsaya farat ɗaya, ita ba ta tsayawa, sai ta daki ƙashi ta gaba, ta koma ta daki na baya, siraran zaruruwan da suke kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan su miƙe, wasu su tsinke. Wurin da ya fi shan wahala shi ne bayan goshi da gefen kunnuwa. A bayan goshi kuwa nan ne birkin mutum yake: abin da yake hana ka faɗin duk abin da ya zo maka, yake sa ka tsara aiki daga farko zuwa ƙarshe, yake sa ka karanta fuskar wanda kake magana da shi. A gefen kunnuwa kuma, can ciki, nan ake ɗaure sabon abu don a tuna da shi gobe. Shi ya sa Magatakarda yake tuna ranar baftismar da aka yi shekara goma da suka wuce, amma bai san abin da ya ci da safe ba. Dukanmu mun ce, "Baba, ta yi tsawo" a zuci. Shi birkin ne ya lalace.

Game da amsoshi ukun nan kuwa, ta ce abu ne sananne. In ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ta tarar da rami a cikin abin da ya kamata ta tuna, takan cike shi da labarin da ya yi kama da gaskiya, mai ita kuma ya gaskata da zuciya ɗaya. Maƙaryaci ya san gaskiya yana ɓoyewa. Shi bai san ta ɓace masa ba. Ta ba mu labarin wani shugaban leburorin jirgin ƙasa a Amurka, Phineas Gage, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa ta fita ta tsakar kansa. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma waɗanda suka san shi suka ce halinsa ya zama na wani. Daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Chile, aikin da kullum tsarinsa ɗaya ne. Wato halin da rauni ya canza yana iya gyaruwa in an sami tsari da lokaci.

Muka yage takardar a gaban dattawa. Su kuma, Allah ya sa musu albarka, suka haɗa kuɗin kujerun daga aljihunsu.

Ta hannun nas ɗin nan muka sami wata ma'aikaciyar gyaran magana da tunani a birni. Irinsu ƙalilan ne a ƙasar nan, mun jira kusan wata guda kafin layi ya zo kanmu. Da yawanmu mun san gashin ƙashi, mun san ana koya wa ƙafa tafiya bayan karaya. Ba mu san ana yi wa tunani da magana irin wannan aikin ba. Ranar farko ta sa shi ya lissafa sunayen dabbobi cikin minti ɗaya, ya kawo biyar ya tsaya, mutumin da ya tashi cikin awaki. Ta faɗa masa kalmomi biyar, bayan ɗan lokaci ta tambaya, ɗaya ya tuna. Ta sa shi ya bayyana yadda ake shuka gyaɗa, ya fara daga cira. Ta kuma zauna da matarsa ita kaɗai, ta saurare ta.

Sannan ta yi mana bayani cewa matsalar magana bayan buguwar kai iri-iri ce. Wani harshensa da leɓɓansa ne suke nauyi, ya san abin da zai faɗa amma ba ya fita sarai. Wani kalmomin ne suke ɓace masa, ko ya kasa gane na wasu. Wani kuma kalmomi suna nan, baki lafiya, amma abin da ke tuƙa magana ne ya taɓu: natsuwa, tuni, jera zance, sanin lokacin yin shiru. Na Magatakarda mafi yawa na ukun ne, da kaɗan daga na biyu. Wannan iri shi ya fi jawo wa mutum baƙin jini, domin ba wanda yake ganin ciwo, sai dai a ga rashin kunya. Ta dube mu ta ce, "Fasto, ni sau biyu a wata zan gan shi, awa ɗaya-ɗaya. Sauran kwanakin yana hannunku. In ba ku canza yadda kuke magana da shi ba, aikina ba zai je ko'ina ba." Daga baya muka karanta cewa masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostareliya sun gwada wannan, suka ga in an koyar da mai raunin tare da wanda yake zama da shi kullum, hirarsu ta fi gyaruwa fiye da in shi kaɗai aka koyar.

Abu na farko da ta ba shi littafi ne, ɗan ƙarami mai shiga aljihu. Kowace safiya a rubuta rana da kwanan wata, da abu uku da za a yi. In an yi, a ja layi. Wanda ya zo, a rubuta. Kuɗi ya shiga ko ya fita, a rubuta nan take. Aka saita masa ƙararrawar waya sau huɗu a yini, in ta yi ƙara ya buɗe littafi. Da farko ya ƙi, ya ce lafiyarsa ƙalau, mu ne muke ƙulla masa sharri. Wannan ma daga raunin yake, domin sashen da zai gaya masa ya canza shi ne ya bugu. Matarsa ce ta sami dabara. Ta daina ce masa yana mantuwa. Ta ce, "Maigida, ni ban iya lissafi ba, ka riƙe mana littafin gidan nan kamar yadda ka riƙe na zumunta." Ya karɓa. Sai da aka yi wajen wata uku kafin hannunsa ya riƙa zuwa aljihu da kansa.

Na biyu ya shafe mu duka. Ta hana mu yi masa jarrabawa. Kun san yadda muke yi wa mara lafiya: "Ka gane ni? To wane ne ni?" Muna ganin wasa ne. Ta ce in ya yi cinke ya faɗi kuskure, kuskuren ne yake manne masa, gyaran kuma ya ɓace. Don haka in ka zo, faɗi sunanka da abin da ya kawo ka. In ana koya masa sabon abu, kamar lokacin shan magani, a faɗa masa daidai, ya maimaita, a sake tambaya bayan minti ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu, ana ƙara tazara. In ka ga zai ɓata, ba shi amsar kafin ya faɗi.

Na uku matakai huɗu ne da yake bi kafin kowane aiki, an rubuta su a bangon littafin: Me zan yi? Da me da me zan yi shi? In yi. In duba ko ya yi. A gona muka gwada. Maimakon a ce masa ya nome gona, sai a kafa kara a kunya ta biyar. In ya kai kara ya tsaya, ya waiwaya ya duba, ya huta, a matsar da karan. A daminar farko iyakarsa kunya goma a yini. Bana ya nome fiye da rabin gonarsa da kansa.

Na huɗu hayaniya da gajiya. Lafiyayyen kai yana tace sauti, ya ɗauki muryar da yake so ya bar sauran. Nasa ba ya tacewa, komai yana shiga lokaci guda, kamar a buɗe rediyo biyar a ɗaki ɗaya. Barcin hantsin da muka kira lalaci kuwa, ƙwaƙwalwa ce take aiki ninki biyu don ta yi abin da dā take yi a sauƙaƙe. Aka mai da duk wani abu mai nauyi zuwa safiya, aka ba shi hutu bayan azahar. A majami'a muka sauya masa wuri, nesa da lasifika, kusa da ƙofa, in ya ji kansa ya cika ya fita ba mai kallonsa. Ba mu daina yi masa addu'a ba. Yanzu mutum biyu ne suke zuwa, ɗaya ya yi, a hankali, a taƙaice.

Na biyar shi ya fi ba mu wuya, mu da baki ne jarinmu. In kalma ta ɓace masa, kada a cafke masa. A ƙirga goma a zuci. In ba ta zo ba, a tambaye shi me ake yi da abin, a ina ake ajiye shi. Sau da yawa yana cikin cewa ana noma da ita, tana da ƙota, sai fartanya ta faɗo da kanta, ka ga fuskarsa ta washe. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. Mutum ɗaya ya yi magana. Mun gane cewa shekara ashirin muna wa'azi ba mu taɓa koyon jira mutum ya gama maganarsa ba.

Saboda katse mutane kuma, shi da kansa ya zaɓi alama: in ya fara wuce gona da iri, wanda ke kusa ya taɓa agogon hannunsa. Matasa uku suka ɗauki nauyin zama da shi kowace Alhamis da yamma, suna hira ta minti ashirin a kan abu ɗaya, kowa yana jiran layinsa. In an gama su tambaye shi yadda ya ga hirar, kafin su faɗi nasu. Ba a yi masa gyara a gaban jama'a.

A cikin watannin nan muka koma ga karatunmu na yau, muka ga abin da muka sha tsallakewa. Mutane suka kawo wa Yesu makaho a Betsaida. Ya kama hannunsa ya fitar da shi daga garin, nesa da taro. Ya taɓa shi, sannan ya tambaye shi abin da yake gani. Mutumin ya faɗi gaskiya, gani ya zo amma dishi-dishi, ba ya rarrabe mutum da itace sosai. Ubangiji bai tsauta masa ba, bai ce bangaskiyarsa ce ta gaza ba. Ya sake ɗora masa hannu. Wannan ce warkarwar da Linjila ta nuna mana an yi ta hawa biyu. Mu a Rimin Gado mun ga taɓawar farko, muka buga ganga, muka tafi gida. Ɗan'uwanmu yana tsaye a tsakanin taɓawa biyu, yana ganin duniya dishi-dishi, mu kuwa muna shirin hukunta shi don ya yi tuntuɓe. Ba wanda ya tambaye shi me yake gani.

Kada mu ɓoye muku, bai koma yadda yake dā ba, kuma mai yiwuwa ba zai koma ba. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, daga nan sai ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Ba ya hawa babur. Ya taɓa yin farfaɗiya sau ɗaya, abin da yakan biyo bayan irin wannan rauni, yanzu yana shan magani kullum. Lokacin da ya fi tsanani ma shi ne da hankalinsa ya dawo har ya gane abin da ya rasa. Ya yi makonni ba ya son fita. Wata rana ya ce mana, "Baba, na san akwai wani ni da kuka fi so." Mun gaya wa likitansa wannan, domin baƙin ciki mai nauyi yakan kama masu irin raunin nan, kuma yana da magani. Muka kuma ba shi labarin wani sojan Rasha, Zasetsky, da harsashi ya fasa wa kai a 1943, ya manta karatu da rubutu, ya sake koyo, ya yi shekara 25 yana rubuta abin da yake iya tunawa har shafi wajen 3,000, likitansa Luria yana bibiyarsa. Magatakarda ya yi dariya ya ce ashe yana da yaya a Rasha. Yanzu yana kan littafinsa na goma sha ɗaya.

Wata takwas bayan daren Asabar ɗin nan, 'yarsa tana neman allura ta jawo wani gwangwani daga saman bango, ƙarƙashin kwano. Kuɗin suna ciki, cif, a ambulan, da adadin a rubuce da hannunsa. Wurin da yake ajiyar zumunta ke nan tun kafin haɗari. Hannu ya tuna, kai ya manta. Mun yi murna, amma muna so ku lura: ko da ba a ga gwangwanin nan ba har abada, shi ba ɓarawo ba ne.

Lahadin da ta biyo muka tsaya a gaban ikkilisiya muka roƙi gafararsa da ta matarsa, muka faɗi abin da muka rubuta da abin da muka kusa yi. Bai ce komai ba. Ya zaro littafi ya yi rubutu. Bayan an tashi ya nuna mana: kwanan wata, sannan, Baba Fasto ya roƙi gafara, na yafe. Ya ce, "Baba, na rubuta ne don kada gobe in manta na yafe."

Ga roƙonmu gare ku. Na farko, hular kwano. A watan Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa ta, a Kano har ƙwarya wasu suka kifa a ka don su wuce jami'ai, duniya ta yi ta dariya. Mu ma mun yi. Yanzu ba ma yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a kan hanya kowace shekara, ta kuma ce hular kwano mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Zufa tana bushewa. Ku sa, ku ɗaure igiyar, ku nema wa wanda kuka goya.

Na biyu, in wani ya bugu a ka, ko da ya tashi ya kakkaɓe riga, ku sa masa ido. Amai, barci mai nauyi, ciwon kai mai ƙaruwa, rikicewa, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, mutuwar gefe ɗaya na jiki: ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a tafi asibiti nan take, a yi addu'ar a cikin mota.

Na uku, ku duba bencinku. Wataƙila akwai wanda ya yi haɗari bara, ko shanyewar jiki ta taɓa shi, aka yi masa godiya, yanzu ana cewa ya canza hali, abokai sun janye. Ku je. Ku faɗi sunanku, ku kashe waya, ku ƙirga goma. Ku tambayi matarsa ko mahaifiyarsa yaushe rabonta da barci. A wurinmu zumuntar mata sun ɗauke wa matar Magatakarda yini ɗaya a mako, ta je kasuwa, ta ga danginta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lahadin da ta wuce shi ya yi mana karatun farko, aya biyar, yatsansa yana bin layi. A aya ta huɗu ya tsaya. Majami'a ta yi tsit, ba wanda ya cafke masa. Mun ga leɓɓan wata yarinya a bencin gaba suna motsi, tana ƙirgawa. Tana kan bakwai ya ci gaba.

Abin tunani: Wane ne muka yanke wa hukunci kafin mu tambaye shi abin da yake gani? Wa muka yi wa godiya muka watse muka bari?

Addu'a: Ya Uba, kai ka ƙera kan mutum da abin da ke cikinsa, ka san inda ya karye ko da idonmu bai gani ba. Ka gafarta mana saurin hukunci. Ka ƙarfafa masu jinya da suka gaji, ka sa albarka ga hannun likitoci da masu koyar da magana, ka ƙara mana irinsu a ƙasarmu. Ka tsare matasanmu a kan hanya. Ka koya mana mu tsaya tare da 'yan'uwanmu har ka gama aikin da ka fara a cikinsu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.